Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Nasiha Ga Ɗalibai A Farkon Zangon Karatu



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya karrama ɗan Adam da ilimi, Ya sanya nemansa ya zama hanyar kusanci zuwa gare Shi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwana matasa, a duk lokacin da jami'o'i da kwalejoji suka buɗe sabon zangon karatu, wato samista, mu malaman Islamiyya na karkara mukan yi bankwana da wasu daga cikin manyan ɗalibanmu. A nan Fakku da sauran garuruwan ƙasar Kebbe da Tambuwal, waɗanda Allah Ya ba su gurbin karatu galibi Sakkwato suke nufa: wasu Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wasu Jami'ar Jihar Sakkwato, wasu Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Wasu kuma sukan tsallaka Jihar Kebbi, su nufi Aliero ko Birnin Kebbi. Kusan kowannensu yakan zo neman addu'a kafin ya tafi, ni kuma nakan yi masa, sannan in haɗa masa da nasiha. Wannan nasihar ce na ga ya dace in rubuta, domin ta isa ga wanda ba ni da hanyar ganinsa ido da ido.

Taƙaitaccen abin da nake gaya musu shi ne: samista tun a makonninta na farko ake cin ta ko a faɗi, kuma kayan aikin da ake cin ta da su kun riga kun same su tun kuna riƙe da allo. Abin da ke damuna, da yawa daga cikinku kukan ajiye waɗannan kayan aiki a bakin ƙofar jami'a, kuna zaton karatun boko wata irin ƙwaƙwalwa ce daban yake buƙata.

Lissafin da ya kamata kowane ɗalibi ya sani

Bari mu fara da lissafi, domin na lura ɗalibai da dama sukan kai aji biyu kafin su fahimci yadda ake auna su. A yawancin jami'o'in Nijeriya, wanda ya ci maki 70 zuwa sama a kwas ya sami A, darajarta 5. Daga 60 zuwa 69 B ce, darajarta 4. Daga 50 zuwa 59 C ce, darajarta 3. Daga 45 zuwa 49 D ce, darajarta 2. Daga 40 zuwa 44 E ce, darajarta 1, a inda ake aiki da ita. Abin da ya gaza haka kuwa F ce, ba ta da daraja ko ɗaya. Kowane kwas yana da nauyinsa da ake kira yunit, wani 2, wani 3. Sai a ninka darajar da ka samu da nauyin kwas ɗin, a tara duka, a raba da jimillar yunit ɗin da ka yi wa rajista. Abin da ya fito shi ne GPA na wannan zango. Idan aka haɗa shi da na zangunan baya ya zama CGPA, wanda da shi ake yanke matsayin digirinka: daga 4.50 daraja ta ɗaya, daga 3.50 daraja ta biyu babba, daga 2.40 daraja ta biyu ƙarama, daga 1.50 daraja ta uku.

Ɗauki ɗalibin da ya yi rajistar yunit 18, wato kwasa-kwasai shida masu yunit uku-uku. Idan ya ci B a dukkansu, GPA ɗinsa 4.00 ne. Idan ya ci B a biyar ya faɗi ɗaya, ya gangaro 3.33. Kwas guda ya fitar da shi daga sahun daraja ta biyu babba, ga kuma kariyoba tana jiransa baɗi, ta hau kan nauyin sabon aji. Haka nan mai digiri na shekara huɗu yana da zango takwas. Idan ya yi wasa da biyun farko ya tashi da 2.00 a kowanne, to in har nauyin zangunan daidai yake, sai ya ci 4.00 a kowane ɗaya daga cikin shidan da suka rage kafin ya kammala da 3.50. Ka ga ke nan aji ɗaya, inda kwasa-kwasan suka fi sauƙi kuma ɗalibai suka fi sakaci, shi ne tubalin da sauran ginin zai hau kansa.

Ɗan'uwa, waɗannan alƙaluma a wajenmu sun wuce lissafin takarda. Kuɗin rajistar da ka tafi da su, wataƙila buhunan gero ne ko na shinkafa da mahaifinka ya fitar daga rumbu, ko ɗan sa ne da aka kai kasuwa, ko adashin mahaifiyarka ne na wata da watanni. Shekara guda da za ka ƙara saboda kariyoba, wata rajistar ce, da wani kuɗin ɗaki, da wani kuɗin mota, kuma mai yiwuwa ƙanenka ne zai dakata da nasa karatun har ka gama. Amana ce aka ɗora maka, kuma Allah zai tambaye ka a kanta.

Makonni ukun da ake zubarwa

Zangon karatu a ƙa'ida bai wuce kimanin mako 15 na lacca ba, kafin a shiga jarrabawa. Amma akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare: a buɗe makaranta, ɗalibi ya yi zamansa a gida, yana buga waya yana tambayar abokai ko an fara lacca sosai. Sai mako na uku ko na huɗu ya ɗauki jaka. Wanda ya zubar da mako uku cikin 15 ya zubar da kashi ɗaya cikin biyar na zangon tun bai buɗe littafi ba. Wani lokaci ma zangon bai kai haka tsawo ba, kamar yadda aka gani bayan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na wata takwas a shekarar 2022, lokacin da jami'o'i da dama suka matse jadawalinsu domin cike giɓin da aka samu.

A laccar farko ne malami kan faɗi abin da kwas ɗinsa ya ƙunsa, da littattafan da yake so a duba, da yadda zai raba makin gwaji da aikin gida, wanda yakan kai 30 ko 40 cikin 100. Wanda ya samu 25 cikin 30 tun kafin jarrabawa ya shiga ɗakin jarrabawa da kwanciyar hankali. Wanda gwaji ya wuce shi yana gida kuwa, ya shiga ne da bashi a wuyansa. Sannan a yawancin makarantu akwai dokar cewa sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na laccoci kafin ya cancanci zama jarrabawa.

Saboda haka ka isa makaranta a makon farko, ko da kai kaɗai ne a ɗaki. Ka kammala rajista da wuri, ka duba lambar kowane kwas da idonka, ka kai takardar wurin malamin da ke kula da ajinku ya duba kafin ka miƙa, domin kwas ɗin da ba a yi wa rajista daidai ba, ko ka zauna jarrabawarsa ba za a lissafa maka ba. Ka yi hoton kowane rasit ka adana. Ka kwafi jadawalin laccoci ka manna a bangon ɗakinka. Ka je ɗakin karatu ka yi katinsa. Waɗannan ƙananan abubuwa ne, amma Bahaushe ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Gadon da muka baro a zaure

Duk mai tasowa daga wajenmu zuwa Sakkwato sai ya ratsa ta Shagari da Boɗinga, ya wuce kusa da Sifawa, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa yana rubutu kafin ya koma Sakkwato a 1815. A Boɗinga ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna kafin Gwandu, Tambuwal kuwa gari ne na ɗan Shehu, Muhammadu Buhari, wanda shi ma malami ne. Wato hanyar da kake bi zuwa jami'a hanya ce ta masu ilimi tun fiye da shekara 200. Babban ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, sunan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake ɗauke da shi.

Malam Abdullahi, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malamansa da abin da ya karanta wurin kowanne. A ciki za ka ga cewa wannan babban malami, mai tafsirin Liya'ut Ta'awili, da ƙananan littattafai ya fara a hannun yayansa Shehu tun yana ɗan shekara 13: Ahalari da Ishmawi da Risala a fiƙihu, Ajurumiya a nahawu, da Ishiriniya. Littattafan nan su ne dai muke karantawa a zaurukanmu har gobe. Darasin da ke ciki shi ne ilimi hawa-hawa ake yinsa. Kwasa-kwasan gabatarwa na aji ɗaya, waɗanda ɗalibai ke rainawa, su ne Ahalarin fanninka. Wanda bai ƙware a Ahalari ba zai sha wuya a Risala, balle Askari.

Akwai wani ɗalibina mahaddacin izu sittin, mai kaifin basira, wanda ya dawo hutun farko da kariyoba biyu, ransa a ɓace, yana cewa shi kam boko ya fi ƙarfinsa. Na tambaye shi yadda yake karatu. Ya ce yana tara takardun darasi, waɗanda ake kira handawut, har saura mako biyu jarrabawa, sannan ya shiga karatun kwana, abin da ɗalibai ke kira TDB. Na ce masa: “Ɗana, da ka haddace Baƙara, a dare ɗaya ka haddace ta?” Ya yi dariya ya ce: “Haba Malam, wa zai iya?” Na ce: “To don me kake neman ƙwaƙwalwar da ta ɗauki Alƙur'ani shafi-shafi ta haɗiye kwas shida cikin dare goma sha huɗu?” Da ya koma ya yi aiki da tsarin da ya haddace Alƙur'ani da shi, kuma cikin ikon Allah bai sake faɗuwa kwas ba. Tsarin nan matakai huɗu ne, kuma duk wanda ya zauna gaban malamin allo ko na zaure ya san su.

Mataki na farko shi ne muɗala'a. Almajirin zaure ba ya zuwa ɗaukar karatu sai ya duba wurin da za a biya masa, ya ga kalmomin da suka shige masa duhu, ya gwada warware su da kansa. Haka za ka yi wa lacca. Minti 15 sun isa ka duba babin da malami zai shiga gobe, ka ja layi a ƙarƙashin abin da ba ka gane ba. Idan ka shiga aji, kunnenka yana jiran amsar tambayar da ka riga ka yi wa kanka. Wanda bai yi muɗala'a ba kuwa, komai sabo ne a wurinsa, malami yana gaba yana baya.

Mataki na biyu shi ne zama gaban malami da rubutu. Kakanninmu sun yi tafiyar watanni a ƙasa domin su ji karatu daga bakin malami, alhali littafin yana hannunsu, saboda sun san akwai abin da takarda ba ta faɗi. Handawut ba ta maye gurbin malami, hoton littafin abokinka da aka turo maka ta WhatsApp ma haka. Ka yi sammako ka sami wuri a sahun gaba, musamman a manyan azuzuwan aji ɗaya inda na baya da ƙyar yake jin murya. Ka ware littafi guda ga kowane kwas, ka rubuta kwanan wata a kan kowace lacca, ka bar fili a gefen shafi kamar hashiyar littattafanmu, domin ƙarin bayani da tambayoyi. Abin da malami ya maimaita sau biyu ka yi masa alama. Abin da ba ka gane ba ka tambaya, a aji ko bayan an tashi, domin matambayi ba ya ɓata.

Mataki na uku shi ne tishi, kuma a nan ne mafi yawan ɗalibai ke yin asara. Mata sun san niƙan farko ba ya ba da gari mai laushi sai an tisa. Imam Burhanuddin Az-Zarnuji, almajirin Imam Al-Marginani mai littafin Al-Hidaya, ya rayu ne a ƙarshen ƙarni na 6 da farkon na 7 na Hijira, kuma littafinsa Ta'alimul Muta'allim sananne ne a makarantunmu. A cikinsa ya tsara wa ɗalibi yadda zai riƙa maimaita darussan kwana biyar da suka gabata a kullum, na jiya ya fi yawan maimaici, sau biyar, adadin yana raguwa ɗaya-ɗaya har zuwa darasin da ya fi daɗewa. Bayan ƙarnoni, a shekarar 1885, wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa, inda ya nuna cewa mafi yawan mantuwa tana aukuwa ne a sa'o'in farko da kwanakin farko bayan an koyi abu, kuma maimaicin da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka cusa a zama guda amfani. Abin da malamin allo ya sani a aikace, shi ne Bajamushe ya auna da alƙaluma.

To, ga yadda za ka yi. Laccar yau ka tisa ta yau, kafin ka kwanta, ka cike giɓin rubutunka tun muryar malami tana kunnenka. Gobe ka sake leƙa ta na minti goma. Ranar Asabar ka bi duk laccocin mako. Ƙarshen wata ka bi na watan gaba ɗaya. Idan ka yi haka, lokacin da jarrabawa za ta zo ka riga ka ga kowane darasi sau huɗu, abin da ya rage maka muraja'a ce kawai, irin wadda mahaddaci ke yi gabanin musabaƙa.

Mataki na huɗu shi ne ba da hadda da muzakara. A makarantar allo ba a wanke wa yaro allo don ya ce ya iya. Sai ya biya shi daidai a gaban malam. A Islamiyya kuma mukan ce a rufe Alƙur'ani a kawo hadda, domin mun san mai kallon shafi yana jin kamar ya iya, sai an rufe gaskiya ke fitowa. Ɗalibin jami'a kuwa yakan karanta handawut sau biyar, idonsa ya saba da ita, ya ɗauka ya iya, sai a ɗakin jarrabawa ya tarar da kansa fayau. A shekarar 2006 wasu masu bincike biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun gwada ɗaliban jami'a: wasu suka yi ta maimaita karanta wani rubutu, wasu kuma suka karanta sannan aka sa su rubuta abin da suka tuna ba tare da dubawa ba. Bayan mako guda, waɗanda aka sa su tunowa da ka sun fi riƙe abin nesa ba kusa ba. Saboda haka bayan kowane babi ka rufe littafi, ka ɗauki farar takarda ka rubuta abin da ka riƙe, sannan ka buɗe ka ga inda ka yi tuntuɓe. Ka nemi tambayoyin jarrabawar shekarun baya tun a watan farko, ka riƙa amsa su da agogo a gabanka. Sannan ka sami abokan muzakara biyu ko uku masu himma, ku riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako, kowa ya karantar da sauran wani yanki. Abin da ka iya bayyana wa wani, shi ka iya.

Matsalar Turanci

Akwai wani ciwo da ɗalibanmu na karkara ke ɓoyewa saboda kunya, wato raunin Turanci. Wani ya fahimci darasi sarai, amma ya rasa yadda zai zuba shi a takarda. Wani kuma rabin abin da malami ke faɗi wuce shi yake yi. Maganin wannan ma yana zaure. Yaya muka koyi Larabcin Ahalari? Almajiri ya karanta gaɓa, malam ya fassara masa da Hausa, kalma bayan kalma, har kunne ya saba. Ka yi wa Turanci haka. Ka ware ɗan ƙaramin littafi, kullum ka rubuta kalmomi biyar da suka shige maka duhu a lacca, ka nemo ma'anarsu a ƙamus, ka sa kowace a jimla. A mako 15 ka tara kalmomi fiye da 400 na fanninka. Idan ka gama tishin darasi, ka bayyana wa kanka shi da Hausa kamar kana karantar da ƙanenka, sannan ka mayar da shi Turanci a rubuce, da kalmominka. Kada kunya ta hana ka magana a aji don tsoron a yi maka dariya. Wanda ya koyi i'irabi ba zai gagara koyon nahawun Turanci ba.

Salloli biyar su ne turakun jadawalinka

Musulmi ba ya buƙatar wahala wajen tsara yininsa, domin an riga an kafa masa turaku biyar. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Sahabi Sakhru Al-Gamidi (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta, kuma shi Sakhru ɗan kasuwa ne da ya riƙa tura hajarsa da sassafe, har dukiyarsa ta yawaita. Alƙali Badruddin Ibnu Jama'a, wanda ya rasu a shekara ta 733 ta Hijira, a littafinsa na ladubban malami da ɗalibi, ya zaɓa wa hadda lokacin sahur, ya zaɓa wa bincike safiya, rubutu tsakar rana, muɗala'a da muzakara kuma dare. Wanda ya san zafin Sakkwato a watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi kan haura 40, ya san hikimar wannan rabo. Da sanyin safiya ake kama fara.

Abin da nake ba ɗalibaina shawara a kai shi ne sa'a guda bayan sallar Asuba ga kwas ɗin da ya fi wuya, ɗan barcin ƙailula bayan Azahar idan babu lacca, tsakanin Magariba da Isha'i a bar wa Alƙur'ani domin kada hadda ta zube, sannan sa'a guda bayan Isha'i ga tishin laccocin yini da muɗala'ar na gobe. Sa'a biyu ke nan a kullum. Idan ka yi haka kwana shida a mako har mako 15, ka tara sa'a 180, wato sa'a 30 ga kowane ɗaya daga cikin kwasa-kwasai shida. Mai karatun kwana na dare 14, ko da yana yin sa'a shida kowane dare, sa'a 84 ya samu, rabinsu cikin gyangyaɗi, ga sallar Asuba da takan kuɓuce masa. Masana sun tabbatar da cewa a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya da rana, don haka mai hana kansa barci yana zuba ruwa ne a kwando. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha (RA) hadisin da ke nuna cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne. Wannan ƙa'ida ta ibada ita ce ƙa'idar karatu.

Abokai, waya da aljihu

Abokan da ka yi a mako biyun farko su ne galibi za ka ƙare zangon da su, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ka lura da wanda ke zuwa lacca a kan lokaci, wanda kake gani a sahun sallar Asuba, ka matsa kusa da shi. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, MSSN, wadda aka kafa a Legas a 1954, tana da rassa a makarantunmu, kuma sau da yawa manyan ɗalibai kan shirya wa ƙanana darussan ƙarin haske. Ka amfana da su. Sai dai ina jan kunnen masu zafin da'awa: kada ka karɓi muƙami uku a ƙungiyoyi tun kana aji ɗaya, kana taro ana lacca. Ɗalibin da ake gani da gemu da ɗage wando, sannan a ga sunansa a jerin waɗanda suka faɗi, ya yi wa da'awar illa ba tare da ya sani ba. Fitowarka da sakamako mai kyau wa'azi ne.

Waya kuwa baiwa ce in ka mallake ta, uwargijiya ce in ta mallake ka. A lokacin sa'o'in nan biyu ka kashe data, ka sa wayar cikin jaka. Facebook da TikTok ba za su gudu ba. Kuɗin guzurinka ma ka raba su bisa makonni tun ranar da ka isa, ka ware na hoton takardu da na motar komawa gida, domin yunwar ƙarshen zango takan zo daidai da jarrabawa. Ka tafi da gidan sauro. Zazzaɓin mako guda a tsakiyar zango ya isa ya wargaza duk tsarin da ka yi.

Abin da ba ya halatta

Wanda ya tsare matakan nan ba zai buƙaci satar amsa ba. Imam Muslim ya ruwaito hadisin da Manzon Allah (SAW) ya barranta daga mai algus, kuma malamai sun bayyana cewa hukuncin bai tsaya ga ciniki kaɗai ba. Shiga da takarda ɗakin jarrabawa algus ne, kwafe aikin gida na wani ka sa sunanka algus ne, haka nan sa wa abokinka hannu a takardar halartar lacca alhali yana ɗaki yana barci shaidar zur ce, ko da ɗalibai suna kiranta taimako. Ka tuna takardar shaidar nan da ita za ka nemi aiki, albashin da za ka ciyar da iyalinka daga gare ta zai fito. C ta halal ta fi A ta haram albarka.

Ga 'yan'uwa mata

Ƙannena mata, duk abin da na faɗa ya shafe ku, har ma nauyinku ya fi, domin wata tana karatu ne da goyo, wata daga gidan miji take zuwa lacca, wata kuma ita ce mace ta farko a gidansu da aka bari ta wuce sakandare, idon gari duka yana kanta. Sakamakonki na zangon farko yana iya buɗe wa ƙannenki goma ƙofa, yana kuma iya rufe ta. Ki tuna Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu a wurinta su koma su karantar da mata. Garuruwanmu suna matuƙar buƙatar likitoci mata da ungozomomi da malamai mata. Idan sa'a biyu a jere ba za ta samu ba, ki yanka ta gida huɗu, rabin sa'a rabin sa'a, muddin dai kullum ne.

Daga ƙarshe, ɗan'uwa, ka gyara niyya kafin ka hau mota. Ka nufi yardar Allah, da fitar da kanka daga jahilci, da share hawayen iyayenka, da amfanar al'ummarka. Ka nemi albarkar mahaifanka kafin ka fita, ka riƙa kiransu kana neman addu'a. Sannan ka ɗaure raƙuminka ka dogara ga Allah, domin addu'a ba ta hana tishi, tishi kuma ba ya wadatarwa daga addu'a.

Allah Ya buɗe ƙwaƙwalenku, Ya sanya albarka a lokutanku, Ya tsare ku daga miyagun abokai da haɗurran hanya, Ya ba ku ilimi mai amfani, Ya mayar da ku gida lafiya da abin da zai faranta ran iyayenku. Allah Ya jiƙan malamanmu da suka rigaye mu gidan gaskiya. Amin.

Wassalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.